Labarin Hanyar Ƙarshen Arewa, Inda Rana Ke Kwana a Sama

Wannan labarin wata hanyar mota ce a ƙasar Kanada, wadda ta ratsa daji da duwatsu da manyan koguna har ta dangana da bakin tekun ƙanƙara, inda ƙasa ta ƙare ta wajen arewa. Sunanta Hanyar Dempster. Kowace shekara idan sanyi ya sassauta, daga watan Yuni zuwa watan Satumba, magidanta sukan ɗebi matansu da 'ya'yansu a mota su kama wannan hanya domin buɗe ido. Ga bayanin zangunanta ɗaya bayan ɗaya, da abin da matafiyi zai gani, da abin da ya wajaba ya kiyaye.

Mafarin tafiya shi ne garin Dawson, a bakin Kogin Yukon. Asalin garin nan zinariya ce. A watan Agusta na shekarar 1896 aka tsinci zinariya a wani rafi da ke kusa da wurin, labari ya game duniya. Mutum wajen 100,000 suka baro gidajensu suka nufo nan, amma waɗanda suka iso ba su kai rabi ba, saboda tsananin wuyar hanya. Hukumar Kanada ta kafa doka cewa ba mai shiga ƙasar sai ya zo da guzurin shekara guda, don kada yunwa ta halaka jama'a. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi arziki a lokacin 'yan kasuwa ne masu sayar wa mahaƙa abinci da kayan aiki. Da aka ji labarin wata zinariyar a Alaska a 1899, sai jama'a suka watse, har yau mazauna garin ba su kai 3,000 ba. An keɓe wani wuri a bakin rafin inda baƙo zai tsuguna da faranti ya rairaye yashi ba tare da biyan ko kwabo ba, abin da ya samu nasa ne. Yara sukan wuni a nan, wanda ya yi sa'a ya tashi da ɗan ƙyalli kamar ƙwayar gero.

Kilomita 40 gabas da Dawson hanyar ta rabu ta miƙe arewa. Tsawonta zuwa garin Inuvik wajen kilomita 740 ne. An fara aikinta a 1959, ba a buɗe ta ba sai 1979. Hanya ce ta tsakuwa, ba kwalta, kuma an ɗaga ta sama da ƙasa kamar ganuwa. Dalili shi ne, ƙasar wurin daskararriya ce rani da damina, samanta kaɗai ke narkewa. In da an shimfiɗa hanya a kanta kai tsaye, da zafi ya narkar da ƙanƙarar da ke ƙarƙashi, hanya ta nutse cikin taɓo. Saboda haka aka jibga tsakuwa mai kaurin da ya wuce mita guda, a wasu wurare ya haura mita biyu, ta zama shamaki tsakanin zafi da ƙanƙara.

Ka sani, ya kai mai karatu, daga mararrabar nan matafiyi ba zai sake ganin gidan mai ba sai ya yi kilomita 369, a wani zango da ake kira Eagle Plains. Wannan ya fi tsakanin Kano da Kaduna nisa ƙwarai, kuma babu gari ko ɗaya a tsakani, wayar hannu ma ba ta aiki a mafi yawan hanyar. Don haka mai hankali yakan cika tanki, ya ɗauki ƙarin mai a jarka, da tayoyin safiya biyu, da ruwa da abinci da barguna, domin tsakuwar tana da kaifi, kuma manyan motoci sukan watso duwatsu su fasa gilashi. In an yi ruwan sama hanya takan yi santsi kamar sabulu, babu magani sai a rage gudu ko a tsaya a jira.

Sunan hanyar kansa gargaɗi ne. A ƙarshen watan Disamba na 1910 wasu 'yan doka huɗu, shugabansu Fitzgerald, suka tashi daga Fort McPherson za su Dawson da karnuka 15 masu jan kaya a kan ƙanƙara. Suka rage guzuri don su yi sauri. Da suka yi nisa suka sallami ɗan ƙasa da ke yi musu ja-gora, suka dogara ga ɗayansu wanda ya taɓa bin hanyar sau ɗaya. Suka ɓace a cikin duwatsu, abinci ya ƙare, suka juya baya suna yanka karnukansu suna ci, har duka huɗun suka mutu cikin watan Fabrairu na 1911. Wani kofur mai suna Dempster ne aka tura nemansu, shi kuwa ya tafi da ɗan ƙasa wanda ya san dajin, ya sami gawarwakinsu a watan Maris. Fitzgerald ya rasu saura wajen kilomita 40 ya koma inda ya fito. Kaburburansu suna nan a Fort McPherson, matafiya sukan tsaya su nuna wa 'ya'yansu. Kowane falke ya san ayari ba ya tashi sai da madugu, kuma ba a tauye guzuri saboda gaggawa.

Bayan kilomita 70 da 'yan kai sai a iso gandun Tombstone, inda duwatsu baƙaƙe masu tsini suka tsaya jere. Akwai ɗakin hukuma a nan da ake koya wa baƙi sunayen tsirrai da dabbobin wurin da yadda za su kiyaye kansu daga dabbar nan da Larabawa ke kira dubbu. Ƙa'idar ita ce kada a ajiye abinci a cikin tanti, kada yaro ya ware shi kaɗai, kuma a riƙa magana da ƙarfi in ana tafiya a ƙasa, don dabbar ta ji ta kauce. Daga nan itatuwa sukan fara gajarta har su ƙare, sai fili fetal mai gajerar ciyawa. A ƙarshen watan Agusta filin nan yakan rine ya koma ja da rawaya, yara su bazu suna tsinkar 'ya'yan tsirrai masu zaƙi. Amma a watan Yuli sauro yakan yi yawan da sai an rufe fuska da raga.

Wannan fili makiyayar wata dabba ce mai suna karibu, mai kama da gwanki, mai ƙahoni masu rassa, namiji da mace duk suna da su. Suna tafiya garke guda, su haura arewa su haihu a bakin teku, su gangaro kudu da sanyi. Da aka ƙidaya garken a 2017 an sami wajen 218,000. Mutanen ƙasar, ƙabilar Gwich'in, da wannan dabba suke rayuwa tun kaka da kakanni: namanta abinci, fatarta tufafi da takalma.

A kilomita na 405 an kafa allo a gefen hanya, alamar an iso Da'irar Arewa. Kowace mota takan tsaya a nan, iyali su jeru a ɗauki hotonsu. Ma'anar da'irar ita ce, duk wanda ya ƙetare ta ya shiga ƙasar da rana kan ƙi faɗuwa a tsakiyar shekara, ta kuma ƙi fitowa a ƙarshenta. Sababin haka, duniya a karkace take a kan falakinta da daraja 23 da rabi. A watan Yuni ƙarshenta na arewa yakan fuskanci rana, a watan Disamba ya ba ta baya.

Gaba da nan akwai koguna biyu da babu gada a kansu, Kogin Peel da Kogin Mackenzie. Da zafi jirgin fito na hukuma ke ƙetarar da motoci kyauta. Da sanyi kogin yakan daskare har manyan motoci su bi ta kansa. Amma tsakanin waɗannan lokuta biyu, sa'ad da ƙanƙara ke kamawa ko take fashewa, ba jirgi ba gada, hanya takan yanke makonni.

Sa'an nan a iso Inuvik, gari mai mutum 3,000 da 'yan kai, wanda hukuma ta gina a shekarun 1950. A nan rana takan yi kwana 56 ba ta faɗi ba, da sanyi kuma ta yi kwana 30 ba ta fito ba. Gidaje a kan turaku suke, bututun ruwa kuma a sama da ƙasa, duk saboda daskararriyar ƙasar nan. Baƙo zai ga yara suna wasa a waje da ƙarfe goma sha biyun dare kamar da la'asar, sai an toshe tagogi kafin barci ya zo.

A garin akwai ɗan ƙaramin masallaci wanda shi ma matafiyi ne. An gina shi a birnin Winnipeg, aka ɗora shi a mota, sa'an nan a jirgin ruwa ta Kogin Mackenzie, tafiyar wajen kilomita 4,000, ya iso a 2010. Abubuwa biyu za su ba malami mamaki a nan. Na fari, alƙiblarsa arewa ce da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas, domin hanya mafi kusa zuwa Makka daga can ta kan ƙarshen duniya na arewa ta bi. Na biyu, lokutan salla da azumi. Mas'alar ba sabuwa ba ce: Ibn Fadlan, wanda ya je ƙasar Bulgar cikin wakilan Halifa Muƙtadir a shekarar 922, ya ba da labarin gajartar darensu, fuƙaha'u kuma suka yi ta tattauna hukuncin lisha a can. Malamai sun kafa hujja da hadisin ranar Dujal mai tsawon shekara, inda aka umurci sahabbai su ƙaddara lokuta. Sashensu suka ce a bi lokutan gari mafi kusa da ake rarrabe dare da rana a cikinsa, sashe suka ce a bi na Makka.

Zango na ƙarshe shi ne Tuktoyaktuk, ƙauyen masunta da maharba na ƙabilar Inuvialuit, kilomita 138 arewa da Inuvik. Sai a watan Nuwamba na 2017 aka buɗe hanyar da ake binta duk shekara. Kusa da shi akwai tuddai masu siffar tulluwar rumbu, waɗanda cikinsu ƙanƙara ce zalla, ƙasa ta lulluɓe su. Mafi tsawonsu ya kai mita 49. A nan hanya ta ƙare. Uba yakan riƙe hannun ɗansa su tsoma ƙafa a ruwan teku, sanyi ya kore su nan da nan. Daga nan sai a duba mai da tayoyi, domin hanyar da ta kawo su ita ce kaɗai za ta mai da su gida. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya komo da su lafiya. Tammat.