Sayen Sifikar Gida: Yawan Wat Ba Shi Ne Daɗin Sauti Ba

Abin da ke fara ɗaukar idon sabon shiga a harkar kayan sauti shi ne lambar da aka dangwara a jikin kwali da manyan baƙaƙe: wat 3,000, a gefenta an rubuta PMPO. Lambar talla ce kawai. Babu wata ƙa'idar awo da kamfanoni suka amince da ita a kanta, kowa abin da ya ga dama yake rubutawa. Wannan zuƙi ya daɗe, shi ya sa a 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta tilasta wa masu ƙera amfilifaya su riƙa bayyana ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa na tsawon lokaci, ba na ƙiftawar ido ba. Shi ake rubutawa RMS, kuma wat 30 zuwa 50 na irinsa a kowane gefe sun ishi falo madaidaici.

Lambar da ta fi amfani ba kasafai mai shago ke ambatonta ba. Ita ce yawan ƙarar da sifika ke fitarwa idan aka ba ta wat ɗaya, aka auna daga nisan mita ɗaya. Yawancin na gida suna tsakanin desibel 84 da 90. Duk ƙarin desibel 3 sai an ninka wat, don haka mai 86 tana buƙatar ninkin ƙarfin da mai 89 za ta ci kafin ta kamo ta. Sai kuma om, ma'aunin turjiyar da sifika ke yi wa wuta: mai om 4 ta fi mai 8 zuƙar wuta, tana iya sa ƙaramar amfilifaya ɗaukar zafi. Abin mamaki, raunanniyar amfilifaya da aka ƙure wa murya tana ƙona tuwita, ƙaramar sifikar nan ta sama mai fitar da siririn sauti, domin sautin da take turawa a lokacin ya riga ya gurɓace.

Girma ma yana ruɗar mutane. A shekarun 1970 injiniyoyin BBC suka tsara wata 'yar ƙaramar sifika, LS3/5A, wadda tsayinta bai wuce santimita 30 da ɗoriya ba, don aiki a ƙuntatattun wurare irin motocin watsa shirye-shirye. Ba ta girgiza gini, amma tana fitar da muryar ɗan Adam tas, kuma har yau ana ƙera ta da lasisin BBC. A ganina, guda biyu ƙanana masu kyau sun fi tarkacen guda biyar da akwatin dundum da ake haɗawa a kwali ɗaya a kuɗi ɗaya.

Sai ɗaki, wanda shi ne rabin sautin. Falo mai tayil da bango tsirara yana mayar da amo, kalmomi su riƙa hawa kan juna. Darduma, labule mai kauri da kujerun kushin suna gyara abin da canza sifika ba zai gyara ba. Ka janye sifikokin daga bango kamar taku ɗaya, musamman masu rami a baya, kada kuma ka cusa su a lungu, don sauti mai kauri irin na ganga zai kumbura ya danne komai. Tuwita ta yi daidai da kunnenka idan kana zaune, kai da su biyun ku zama kamar duwatsun murhu, nisan kowa da kowa daidai.

Ranar saye, ka tafi da waƙar da kunnenka ya haddace. Mai shago zai so ya sa maka kiɗa mai dukan ƙirji ya ƙure murya, domin duk abin da ya fi ƙara kunne yakan ɗauka ya fi daɗi. Ka ce ya rage. Sa kuntigin Ɗan Maraya Jos ka ji ko tsirkiyar tana fita siririya ba tare da ta soki kunne ba. Sa Shata ka saurari kalangu: kana jin hawa da saukar muryar kalangun idan makaɗi ya matse tsarkiya, ko duk ya dunƙule ya zama gum-gum? 'Yan amshi suna bayan mawaƙi, ko sun cakuɗe da shi?

Na hannu ba laifi ba ne, sau da yawa ma a nan ake dacewa. Amma ka cire ragar gaba ka duba zoben soson da ke kewaye da babbar sifikar, don yana ruɓewa idan ya tsufa. Ka tura tsakiyarta a hankali da yatsu. In ka ji tana gogar wani abu, bar ta. Idan kuma mai amfilifaya a ciki ce, ka karanta bayanta kafin ka jona: kayan Amurka na bolt 120 ne, na Japan 100, wutarmu kuwa 230 ce.