Jarrabawar IELTS: kalma mai nauyi ba ita ke kawo maki ba

Ma'aikatan gwamnatin tarayya da ke neman gurbin digiri na biyu a Birtaniya sukan ci karo da jarrabawar IELTS, inda jami'o'i da dama ke buƙatar maki 6.5 cikin 9. Da Turanci suke wuni a ofis, amma Turancin fayil daban, wanda jarrabawar ke aunawa daban.

Wanda ya shekara goma yana buɗe wasiƙa da "I am directed to" yakan ɗauka cewa gwaninta ita ce jibga manyan kalmomi. Sai jami'in jarrabawa ya tambaye shi unguwar da yake zaune, shi kuma ya amsa da "my place of abode" maimakon "I live in Kubwa". Ga mai sauraro, wannan tamkar a tambayi mutum hanyar kasuwa ne ya amsa da harshen sanarwar gwamnati.

Sashen magana yana ɗaukar minti 11 zuwa 14, kuma da ma'auni huɗu ake ba da maki: gudanar zance, zaɓen kalmomi, nahawu da lafazi. A zaɓen kalmomi, ana duba ko kalmar ta dace da wurin, da kuma ko ta zauna da abokiyar tafiyarta. Bahaushe ya san wannan a harshensa: jarrabawa cin ta ake yi, iska kuwa shan ta ake yi, kuma ba mai musanya su. Haka Bature ke cewa "heavy rain", ba "strong rain" ba, da "make a mistake", ba "do a mistake" ba.

Haɗarin haddace jerin kalmomi daga ƙamus ya fi fitowa a sashen rubutu, inda ake son muƙala ta aƙalla kalmomi 250 cikin kimanin minti 40. Baƙuwar kalma da aka cusa a inda ba muhallinta ba takan rage maki, ba ta ƙara shi.

Abin da ya fi amfani shi ne a koyi kalma tare da jimlar da aka same ta, daga jarida ko rediyo, a kuma jarraba ta a hira kafin ranar. Kuɗin rajista ba kaɗan ba ne ga mai albashi, sakamakon kuma shekara biyu kawai yake aiki.