"Ai Zan Ji Zuwansa"

Na gaji da ganin hotunan samari zaune a kan layin dogo, wani har da miƙe ƙafa kamar yana kan tabarmar gidansu. Sha'awar jirgin ƙasa ba laifi ba ce. A Ingila akwai masu wuni a tasha suna rubuta lambobin kawunan jirage, har wani Ian Allan ya buga musu littafin lambobin a 1942. Abin da ke ɓata mini rai shi ne amsar da ake ba ka idan ka yi magana: "Ai zan ji zuwansa."

Ba lalle ka ji ba, malam. Wancan ƙwal-ƙwal da aka saba ji a tsohon layin Kano zuwa Legas daga mahaɗar ƙarafa yake fitowa. Layukan zamani kuwa da walda ake haɗe ƙarafansu, sai jirgi ya sulalo shiru. In yana gudun kilomita 100 a awa, kusan mita 28 yake ci a daƙiƙa guda. Kafin ka miƙe ka lalubo takalminka ya iso. Direba ko ya gan ka ba shi da sitiyarin kaucewa, kuma jirgin kaya mai nauyi kan wuce kilomita ɗaya da rabi bayan an ja birki. Ido ma yaudara yake: ƙaton abu daga nesa sai ka ga kamar rarrafe yake. Inda layi biyu ne kuma, ƙarar jirgin da kake ɗaukar hotonsa ita za ta rufe ta wanda ke bayanka.

A 2014, a jihar Jojiya ta Amurka, masu shirya fim suka hau gadar jirgi ba izini. Jirgin kaya ya cim musu, wata ma'aikaciyar kyamara ta rasu, daraktan ya tafi gidan yari. Ƙwararru ke nan fa.

To, tsaya a dandalin tasha ko bayan shinge. Jikin jirgi ya fi layinsa faɗi, har da kusan mita ɗaya ta kowane gefe, don haka gefen ƙarfe ma ba wurin tsayuwa ba ne. Kada ka hau gadar jirgi ko saman tarago. Cire abin sauraro daga kunnenka. Kashe fitilar kyamara, kada ka haske wa direba ido. In za ka ɗauki hoto a tasha, fara gaida ma'aikata ka nemi izini, ka kuma zo da abokin da zai riƙa duba maka baya yayin da idonka ke kan waya.