Tsimin Mai Da Tsaron Rayuka A Sararin Samaniyar Abuja

ABUJA — Duk mintin da jirgin sama ya ƙara yana shawagi a saman filin jirgi na Nnamdi Azikiwe kafin a ba shi izinin sauka, kuɗi ne ke ƙonewa, hayaƙi kuma na ƙaruwa. Kilo ɗaya na man jirgi idan ya ƙone yana fitar da kimanin kilo 3.16 na iskar kabon mai ɗumama duniya. Don haka buƙatar 'yan kasuwa da ta masu kare muhalli ta zo ɗaya: a gajarta hanya, a rage jira.

Kamfanonin jiragen sama na ƙasar nan sun ɗanɗana kuɗarsu a 2022, lokacin da ƙungiyarsu ta bayyana cewa litar mai ta tashi daga Naira 190 zuwa Naira 700, har ta yi barazanar dakatar da zirga-zirga. Ta fuskar muhalli kuwa, ƙungiyar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta amince da shirin CORSIA na rage hayaƙi a 2016, zamanin da ɗan Nijeriya, Dokta Olumuyiwa Benard Aliu, yake shugabancin majalisarta. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka shiga shirin da kansu tun zangon farko a 2021.

Nauyin daidaita wannan buƙata da tsaron rayuka yana wuyan hukumar kula da sararin samaniya, NAMA, wadda aka kafa da dokar 1999. Wasu matakan sun biya buƙatu biyun a lokaci guda. A Satumbar 2008 ƙasashen Afirka suka rage tazarar da ke tsakanin jirgin da ke sama da na ƙasa da shi daga ƙafa 2,000 zuwa ƙafa 1,000, a tsakanin tsawon ƙafa 29,000 da 41,000. Wannan ya ba jirage da yawa damar tafiya a inda injin ya fi tsimin mai, amma bisa sharaɗin cewa na'urorin auna tsawo na kowane jirgi sun cika ƙa'ida. Haka nan shirin rada na TRACON da aka ƙaddamar a 2010 ya sa jami'an hasumiya suna ganin jirage a allo, saboda haka suna iya jera su ba tare da doguwar tazara ba.

Sai dai akwai inda tsimi ba shi da ta cewa. Ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin ADC ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja cikin mummunan yanayi, mutane 96 suka rasu, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Kauce wa hadari a damina, ko jira har hazon hunturu ya washe, yana cin mai, amma rai ya fi dukiya. Haka kuma da Nijar ta rufe sararin samaniyarta a Agustan 2023, dole jiragen da ke tsakanin Turai da Nijeriya suka riƙa zagaye mai nisa har aka buɗe shi a Satumba.

Babbar matsalar Abuja ita ce dogaro da titin sauka da tashi guda ɗaya, wanda ke sa jirage bin layi idan cunkoso ya yi yawa. Da aka rufe shi tsawon makonni shida a 2017 domin gyara, Kaduna aka karkatar da jirage, fasinjoji suka riƙa ƙarasa tafiyar a mota da jirgin ƙasa. Titi na biyu zai rage jira da hayaƙi, amma shi ma yana cin gonaki, kamar yadda taƙaddamar diyya da al'ummar Jiwa ta nuna a 2023.

Ga ɗan kasuwa, lissafin a bayyane yake: kuɗin da aka zuba a rada, na'urorin sauka da horar da jami'ai yana rage man da ake ƙonawa, man kuwa shi ne mafi tsoka a cikin kuɗin tikiti da na dakon kaya.