'Yan Mishan na Liyon da Ƙasar Arewa

A ranar 8 ga Disamba 1856, a birnin Liyon na Faransa, wani bishop mai suna Melchior de Marion Brésillac ya kafa Ƙungiyar Mishan ta Afirka, wadda aka fi sani da SMA. Ba sabon shiga ba ne a wannan aiki. Ya daɗe a kudancin Indiya har ya shugabanci cocin Katolika na Koyimbatur, sannan ya ajiye muƙamin saboda saɓanin da ya shiga tsakaninsa da 'yan uwansa Turawa. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka raba su shi ne naɗa 'yan ƙasa limaman coci. A ganinsa, aikin baƙo shi ne ya horar da ɗan gida, ya miƙa masa ragama, ya ja gefe.

Bai yi tsawon ran da zai ga haka ba. Ya sauka Firitawun ta Saliyo a watan Mayu 1859, ya tarar da annobar zazzaɓin shawara tana cin garin, ya rasu ranar 25 ga Yuni. Su shida ne suka je, biyar suka mutu cikin 'yan makonni. Augustin Planque, wanda aka bari a Liyon, shi ya riƙe ƙungiyar har rasuwarsa a 1907. A hannunsa suka sauka Wida ta Dahome a 1861, suka bi gaɓar teku zuwa Legas, suka hau kogin Kwara zuwa Lakwaja a 1884, suka kai Shendam a 1907. Shi ne kuma ya kafa reshen mata a 1876, don ya lura fada namiji ba ya shiga cikin gida, ba ya karɓar haihuwa, ba ya koyar da 'yan mata.

Nijar ta zo daga baya ƙwarai. Turawan mulki ba su so a ta da hankalin sarakunan Musulmi, ga shi kuma Faransa kanta ta raba gwamnati da coci tun 1905, don haka kwamandan mulkin mallaka ba ya ɗokin ganin fada a ƙasarsa. Sai a 1931 Fada François Faroud na SMA ya buɗe mishan a Yamai, alhali 'yan mishan ɗin Furotesta na SIM suna Damagaram tun 1924. Masu zuwa cocinsa yawanci baƙi ne, akawuna da ma'aikatan gwamnati daga Dahome da Togo. A 1942 Fadar Fafaroma ta mai da Yamai yankin coci mai cin gashin kansa a ƙarƙashin Faroud, a 1948 kuma shugabancin ya koma hannun wata ƙungiya, Redemtoris. A cikin waɗannan shekaru na sauyin hannu, ƙarshen shekarun 1940, aka kafa mishan ɗin Katolika na Dogon Dutsi.

Me ya kai su can? Wanda ya san Arewa, ƙasar da Dogon Dutsi take ciki, ba zai yi mamaki ba. A lokacin, yawancin Arawa na kwarin Dallol Mauri suna kan addinin kakanninsu. Sarauniya tana Lugu da dutsenta na Tunguma mai yanke hukunci, Baura yana Bagaji, Sarkin Arewa yana riƙe da sarautar da ta samo tushe a Matankari, Samna yana Tibiri, bori kuwa gida-gida. A lissafin 'yan mishan, ga Hausawa waɗanda jihadin Shehu Usmanu bai murƙushe ba, waɗanda ba su rungumi salla ba tukuna, wato gona ce da ba a shuka ba.

Lissafin bai fita ba. Mutanen da suka tare ayarin sojojin Faransa na Voulet da Chanoine a Lugu a 1899 ba su manta da abin da Bature ya yi musu ba, fada kuwa da kwamandan harshensu ɗaya, fatarsu ɗaya, ko da ba su jituwa. Da Arawa suka tashi barin tsafi, masallaci suka nufa. Fatauci ya haɗa su da Birnin Ƙonni da Sakkwato da Argungu, 'yan cirani suna dawowa daga Najeriya da tasbaha, kuma mutum yana iya fara salla bai rabu da matansa ko danginsa ba. Shiga coci ya fi haka tsada: mace ɗaya, sabon suna, sai kuma a yi ta neman wanda zai ba ka 'yarsa. Adeline Masquelier, wadda ta yi bincike a Dogon Dutsi a ƙarshen shekarun 1980, ta tarar 'yan bori suna kuka da salla ne, ba da coci ba. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristocin Nijar baki ɗaya ba su kai kashi 1 cikin 100 ba.

Abin da ya kama ƙasa shi ne lakwal. Makarantar mishan ta Dogon Dutsi ta ɗauki 'ya'yan Musulmi da na masu bori, kuma mafi yawansu sun fita da addinin da suka shiga da shi, sai dai sun ƙaru da Faransanci da lissafi. Hakan abin yake a Yamai da Maraɗi da Damagaram, inda har gobe iyaye Musulmi ke neman wa 'ya'yansu gurbi a makarantun mishan saboda tsari da horo. Bishop Hippolyte Berlier, wanda ya riƙe cocin Nijar daga 1961 zuwa 1984, ya karɓi wannan hali yadda yake: coci ƙarama a tsakiyar Musulmi, wadda za a san ta da hidima fiye da wa'azi. Wasu a cikin cocin sun ga kamar an sauka daga manufa. Ni ina ganin ya fahimci ƙasar fiye da su.

Fari ne ya gwada wannan ra'ayi. A yunwar 1973 zuwa 1974, da ta 1984 wadda mutane suka laƙaba wa sunan Buhari, shugaban Najeriya na lokacin, saboda rufe iyakar ƙasarsa, mishan-mishan sun zama hanyar da taimakon cocin Turai da Amurka ke bi ya kai ƙauye. Dalilin mai sauƙi ne. Fada yana zaune a wurin shekara da shekaru, yana jin Hausa ko Zabarmanci, ya san ƙauyen da rumbunsa ya ƙare tun kafin labari ya kai Yamai. Daga rabon hatsi aka koma gina rijiyoyin siminti, da lambunan rani, da bankin cimaka, inda ake sayen hatsi da kaka lokacin yana araha, a sayar wa mutanen gari da rahusa idan damina ta kama, rumbu ya yi ƙasa. A 2005, shekarar da fara da ƙarancin ruwa suka sake jefa ƙasar cikin yunwa, cocin ta haɗa ayyukanta na agaji a ƙarƙashin CADEV, reshen Caritas na Nijar.

Akwai masu cewa buhun hatsi ƙugiya ce. Zargin ba daga sama ya faɗo ba, domin ƙungiyar da aka kafa don yaɗa addini ba ta ɓoye manufarta ba, kuma mai jin yunwa ba ya iya musu da mai ciyar da shi. Amma alƙaluma suna nan: da hatsi yana sayen imani, da Arewa ta cika da coci tun 1974.

SMA ta dawo Nijar daga baya, ɗanta Michel Cartatéguy ya zama bishop na Yamai a 2003, babban bishop a 2007. A 2014 aka naɗa Laurent Lompo, ɗan Gurma daga yankin Makalondi, ya gaje shi, shi ne ɗan Nijar na farko a wannan kujera. Shekarun da suka biyo baya ba su zo da sauƙi ba. A Janairu 2015 an ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai a zanga-zangar zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo. A ranar 17 ga Satumba 2018 'yan bindiga suka sace Fada Pier Luigi Maccalli na SMA a Bomoanga, kusa da iyakar Burkina Faso, ba a sake shi ba sai Oktoba 2020 a Mali. Tun daga nan zaman Bature a mishan na ƙauye ya yi wuya, kuma yawancin matasan da ke shiga ƙungiyar a yau 'yan Afirka ne, daga ƙasashe irin su Benin da Togo da Najeriya.