Gyara da Kula da Tsofaffin Jiragen Ruwa na Katako: Inda Ya Kamata Mai Jari Ya Fara Kashe Kuɗinsa

ZUNGERU, Jihar Neja — Tun lokacin da aka datse Kogin Kaduna a kusa da garin Zungeru domin samar da wutar lantarki, harkar sufurin ruwa ta ɗauki sabon salo a wannan yanki. Madatsar, wadda aka aza harsashin gininta a shekarar 2013 kan kuɗi kimanin dala biliyan 1.3, tana da ƙarfin megawat 700, kuma a shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta miƙa tafiyar da ita ga kamfanin Penstock, reshen kamfanin Mainstream Energy mai kula da tashoshin Kainji da Jebba. Ruwan da ya taru a bayanta ya mamaye gonaki da hanyoyin ƙafa a sassan ƙananan hukumomin Wushishi, Rafi da Shiroro, ta yadda jirgin ruwa ya zama motar kasuwa ga ƙauyuka da dama.

Wannan ba baƙon abu ba ne a tarihin garin. Sa'ad da Turawan mulkin mallaka suka mayar da Zungeru hedkwatar Arewa a shekarar 1902, ta ruwa kayansu suke isowa daga Lakwaja, a sauke su a Barijuko, sannan a ɗauko su a kan wani gajeren layin dogo zuwa gari. A yau kuwa Jihar Neja tana da manyan tafkuna na Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru, kuma akasarin jiragen da ke fito da mutane, da doya, da shinkafa, da kifi, da dabbobi a kansu, jiragen katako ne masu injin rataye a baya, waɗanda yawancinsu sun ga jiya sun ga yau.

Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya, farashin sabon inji da na katako ya fi ƙarfin ƙananan masu jari da yawa. Saboda haka gyaran tsohon jirgi shi ne zaɓin da ya rage musu. Sai dai abin da aka saba gani shi ne, mai jirgi yakan zuba kuɗinsa a kan inji, domin shi ne ke tsayar da aiki nan take idan ya ƙi tashi, ya bar gangar jikin jirgin sai ta kai intaha. Wannan tsari ya kamata a juya shi: jikin jirgi tukuna, sannan inji, sannan kayan wuta da na kariya.

Dalilin haka a fili yake. A watan Mayu na 2021 wani jirgin katako da ya taso daga Jihar Neja zuwa kasuwar Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi ya dare a tsakiyar ruwa ɗauke da mutane fiye da 150, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka tsira. Jami'an Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wato NIWA, sun danganta haɗarin da tsufan jirgin da kuma lodi fiye da kima. A watan Satumba na 2025 wani jirgin ya yi karo da kututturen itace a ƙarƙashin ruwa a Ƙaramar Hukumar Borgu, aka yi asarar rayuka masu yawa. Injin da ya mutu yakan bar jirgi yana shawagi har a kawo ɗauki. Katakon da ya fashe kuwa ba ya ba da wannan dama.

GANGAR JIKI

Ba a iya sanin lafiyar jirgin katako yana cikin ruwa. Wajibi ne a jawo shi tudu aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, sa'ad da ruwa ya ja baya. A kankare gansakuka da tsohuwar kwalta, a bi katako ɗaya bayan ɗaya da guduma da tsinin wuƙa. Lafiyayyen katako yakan ba da amo mai ƙarfi, ruɓaɓɓe kuwa amonsa a dushe yake, wuƙa kuma takan shige shi ba tare da wahala ba.

Wuraren da ruɓa ta fi kamawa sanannu ne ga kafintocin jirgi: ƙarƙashin daɓen da ake ɗora kaya, inda ruwan sama ke kwanciya, mahaɗar katakan haƙarƙari da gindin jirgi, goshin jirgi, wanda ke gogar yashi da dutse a duk lokacin da aka sauka kwata, da kuma allon baya inda ake ɗaure inji. Ruwan daɗi ya fi ruwan gishiri saurin ruɓar da itace, don haka jirgin da ke aiki a tafki yana bukatar sa ido fiye da yadda masu shi suke zato.

Ƙusa ita ce matsala ta biyu. Ƙusar ƙarfe ta gama-gari takan yi tsatsa a cikin jiƙaƙƙen itace, ta sirance, ta kuma cinye katakon da ke kewaye da ita, har ya zama katako yana zaune ne kawai a wurinsa ba tare da wani abin da ya riƙe shi ba. Baƙin tabo ko jan zane da ke gangarowa daga kan ƙusa alama ce ta haka. Maganinsa shi ne a zare tsofaffin, a sa ƙusoshi masu rufin tutiya a sabon gurbi, a kuma ɗaure manyan mahaɗai da bol da noti.

Wajen sauya katako, itatuwa masu jure ruwa irin su maɗaci da kawo da loko sun fi tsada, amma sun fi farin katako mai taushi daɗewa nesa ba kusa ba. Dole ne kuma katakon ya bushe kafin a buga shi, domin ɗanye yakan tsuke ya buɗe ɓaraka. Bayan haka a cusa auduga ko zaren igiya a tsakanin katakan, a bi da narkakkiyar kwalta. A guji yin aikin cikin tsananin rana na tsawon makonni, saboda jirgin da ya bushe ƙayau yakan tsattsage. Idan an mayar da shi ruwa, a bar shi kwana biyu ko uku ya sha ruwa ya kumbura kafin a ɗora masa kaya.

Akwai gyara iri biyu da ke ruɗin mai saye. Na farko shi ne facin kwano ko gwangwani da ake bugawa a kan wurin da ke yoyo. Na biyu shi ne lulluɓe tsohon katako da faiba ba tare da an cire ruɓaɓɓen ba. Dukansu suna tsayar da yoyo na ɗan lokaci, suna kuma kulle danshi a ciki, ruɓa ta ci gaba a ɓoye. Duk wanda zai sayi tsohon jirgi, ya dace ya gan shi a tudu, ya kuma nemi a ɗaga masa kowane faci ya ga abin da ke ƙarƙashinsa.

Yoyo kansa asarar kuɗi ce tun kafin ya zama haɗari. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka lita 200 da ta taru a gindin jirgi daidai take da buhu huɗu masu kilo 50 da ake dako kyauta, ana ƙona musu mai. Bugu da ƙari, wannan ruwa yakan kwarara gefe guda idan jirgi ya karkata, ya ƙara masa rinjaye zuwa kifewa.

INJI

Yawancin injunan da ake ratayawa a waɗannan jirage, irin su Yamaha masu ƙarfin doki 15, 40 ko 75, na gauraya fetur da baƙin mai ne. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne kashi 50 na fetur ga kashi 1 na mai, wato rabin lita ga jarka mai lita 25, sai dai in littafin injin ya faɗi wani ma'auni dabam. Rage man domin tsimi yakan ƙona fistin, yawansa kuma yakan toshe filogi. Man da aka yi domin injin ruwa, mai alamar TC-W3, ya bambanta da na babur, kuma shi ya kamata a nema.

Fetur ɗin da ake saye a jarka a bakin kwata sau da yawa yakan zo da ruwa ko ƙasa. Tace shi kafin a zuba, da sanya matacin da ke raba ruwa da mai a kan tiyo, sun fi wanke kafireta a kai a kai sauƙi. A riƙa duba tiyon kansa, domin zafin rana yakan sa ya tsage ya riƙa shaƙar iska.

Injin yana sanyaya kansa ne da ruwan da wata 'yar farfelar roba ke tsotsowa daga ƙasa. Yashi da laka suna cinye ta, tayar da inji a tudu ba ruwa kuma yakan ƙona ta cikin ɗan lokaci kaɗan. Matuƙi ya riƙa lura da siririn ruwan da ke tsartuwa daga bayan inji. Da zarar ya raunana ko ya tsaya, a kashe inji nan take. Sauya wannan roba sau ɗaya a shekara kuɗi kaɗan ne idan aka kwatanta da sake gina injin da ya ɗauki zafi ya kame.

Man giyar ƙasa kuwa ana sauya shi ne bayan kimanin awa 100 na aiki. Idan ya fito fari kamar madara, ruwa ya shiga, kuma galibi zaren kamun kifi ne ya naɗe sandar farfela ya yanke robar da ke tare ruwa. Farfelar da ta lanƙwashe bayan ta daki kututture takan haddasa girgiza, girgizar kuma ta sassauta ƙusoshin allon baya.

A nan ne wani babban kuskure yake faruwa. Mai jirgi yakan samu kuɗi ya ɗaura injin da ya fi girma a kan tsohon jirgi domin ya riga abokan sana'a isa kasuwa. Nauyin injin da ƙarfin turinsa duk a kan allon baya suke sauka, gudun kuma yakan ninka ƙarfin bugun igiyar ruwa da na karo da kututture. Ta fuskar kuɗi ma, injin doki 40 da aka take shi har ƙarshe yana shan kusan lita 20 a awa guda, alhali sassauta shi kaɗan yakan rage shan mai ƙwarai ba tare da an yi asarar lokaci mai yawa ba. Kafin a sauya inji, a fara ƙarfafa allon baya da haƙarƙarin da ke riƙe da shi.

WUTA DA KAYAN KARIYA

Jirgin da ke da batir, a ɗora shi a akwati sama da inda ruwa ke taruwa, nesa da jarkar fetur, a sa fis, a kuma rufe mahaɗar wayoyi. Ƙaramin faifan sola ya isa ya riƙe batir domin fitila da famfon kwashe ruwa, amma bokiti da filafili da gora ba sa barin jirgi. Yana da amfani a zana layin fenti a gefen jirgi wanda idan ruwa ya kai shi lodi ya ƙare, domin ya raba gardama tsakanin matuƙi da masu kaya.

Hukumar NIWA, wadda aka kafa da doka mai lamba 13 ta 1997 mai hedkwata a Lakwaja, tana da ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023 da suka wajabta rajistar jirgi da sanya rigar kariya, suka kuma hana lodi fiye da kima da tafiyar dare. Haɗarin Gbajibo a Ƙaramar Hukumar Mokwa, a watan Oktoba na 2024, da dare ya auku, jirgin kuma yana ɗauke da mutane kimanin 300. Hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa, HYPPADEC, mai hedkwata a Minna, ta raba rigunan kariya ta kuma yi aikin cire kututture a wasu hanyoyin ruwa. Duk da haka, sabon tafki irin na Zungeru, wanda ya haɗiye daji, yana ɓoye da itatuwan da kan matso kusa da saman ruwa idan rani ya yi.

DARASI DAGA WAJE

A Ingila akwai dogayen jirage sirara, waɗanda faɗinsu bai kai ƙafa 7 ba, da suka yi dakon gawayi da sauran kaya a magudanan ruwa tun ƙarni na 18, wasu tsofaffinsu kuma suna aiki har yanzu. Abin da ya raya su shi ne jadawali. Akan fitar da jirgi daga ruwa duk shekara biyu ko uku a shafe gindinsa da baƙin fenti mai kwalta, akan binciki tsarin mai da gas da lantarki duk shekara huɗu kafin a sabunta takardar shaidar lafiyarsa, kamfanonin inshora kuma sukan nemi rahoton ƙwararre kan kaurin jikin tsohon jirgi kafin su karɓe shi.

Masu jirage a Jihar Neja za su iya ɗaukar wannan tsari daidai ƙarfinsu. Ware wani kaso na kuɗin fito na kowace rana domin gyaran shekara, ajiye littafin da ake rubuta ranar sauya mai da katako, da yin adashin gyara a ƙarƙashin ƙungiyar masu jirage ko Sarkin Ruwa, duk matakai ne da ba sa jiran gwamnati. Irin wannan littafi shi ne kuma abin da banki ko mai saye zai iya dubawa ya san darajar jirgi.

Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa ta Tarayya ta sha yin kira ga jihohi da su maye gurbin jiragen katako da na faiba ko alminiyam. Kafin hakan ta tabbata a kowace kwata, jiragen katako ne za su ci gaba da kai amfanin gona kasuwannin bakin ruwa irin su Zumba da Malale. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma ga mai jirgi, makonnin da zai yi a tudu yana gyara da rani su ne farashin aikin da zai yi lami lafiya da damina.