Sarki Joji na Shida: Sarkin da Zariya Ta Sani a Jikin Sule

A shekarun 1940, duk wanda ya yi ciniki a kasuwar Sabon Garin Zariya ya san fuskar Sarkin Ingila Joji na Shida, domin tana jikin sule da sisi da taro. Kwabo da anini masu huji sunansa kawai suke ɗauke da shi. Mutumin kansa kuwa bai taɓa taka ƙasar Nijeriya ba a shekara goma sha biyar da ya yi a kan karaga. Duk da haka da sunansa aka karɓi haraji, da sunansa aka ɗebi samari zuwa yaƙi, kuma a zamaninsa ne ginin mulkin mallaka ya soma tsagewa.

Ba shi aka yi wa tanadin sarautar ba. An haife shi ranar 14 ga Disamba 1895, ɗa na biyu ga Sarki Joji na Biyar, sunansa na yanka Albat. Ya taso da i'ina mai tsanani, har jawabi a gaban jama'a ya zame masa azaba, sai da wani mai gyaran magana ɗan Ostareliya, Lionel Logue, ya yi shekaru yana horar da shi. Wansa Edwad shi ne yarima mai farin jini, wanda ya zo Nijeriya a 1925 aka yi masa hawan daba a Kano. Edwad ya gaji ubansu a Janairun 1936, amma kafin shekarar ta ƙare ya ajiye sarautar don ya auri wata Ba'amurkiya bazawara, auren da gwamnati da cocin Ingila suka ƙi yarda da shi. Abin mamaki, a Ingila kuɗi mai sunan Edwad bai shiga hannun jama'a ba, amma a nan Afirka ta Yamma an kashe kwabban 1936 masu sunansa a kasuwa.

Aka yi bikin naɗin Joji a Mayun 1937. A wannan shekarar ce kuma Malam Ja'afaru ɗan Isiyaku ya zama Sarkin Zazzau. Wajen tsoma hannu a rayuwar talaka kullum, na Zazzau ya fi na Landan, domin shi yana da alƙalai da dogarai da hakimai. Sarkin Ingila ba ya yanke hukunci. Majalisa da firayim minista ke mulki, a nan kuma Gwamna da Razdan da Di'o. Aikinsa shi ne ya zama tutar da ake taruwa a ƙarƙashinta.

Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a Satumbar 1939, ya yi wannan aikin iyakar ƙarfinsa. Ya yi wa daularsa jawabi ta rediyo ranar da aka shelanta yaƙi, ya kuma ƙi ƙaura daga ƙasar ko da bam ya faɗa fadarsa a 1940 yana ciki. Turawa na yaba masa a kan wannan har gobe, kuma ya cancanta.

Sai dai a Zariya yaƙin ya zo da wata fuska dabam. Barikin horar da kuratan soja da ke gefen Sabon Gari ya yi ta fitar da samari, aka kai su Gabashin Afirka suka kara da Italiya, daga baya aka zuba su a dazukan Bama don fuskantar Japan. Wasu bataliyoyin Nijeriya sun yi yaƙi a 1944 cikin rundunar da ake kira Chindit, wadda ke kutsawa bayan abokan gaba, kuma daga nan barikin sojan Zariya ya samo sunan da yake amsawa yau. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuza, sai aka koma ɗibar mutane daga lardunan Arewa ana tura su aikin tilas a ma'adinan Jos, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Gyaɗa da auduga ma suka zama kayan yaƙi. Tashar binciken noma ta Samaru, wadda aka kafa tun 1922, ta duƙufa wajen inganta irin auduga, jirgin ƙasa kuma yana kwashe amfanin zuwa Ikko a kan farashin da manomi ba shi ya yanka ba.

Hukuma ta san tana bukatar bakin da zai yi wa mutane bayani da Hausa. A Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam na edita, Dokta Rupert East na kula da ita. An so ta kashe jita-jita ta kuma ƙarfafa biyayya ga Sarkin Ingila, kuma ta yi hakan. Amma wanda ya saba karanta labarin duniya ba ya rasa tambaya. A garin nan ne Sa'adu Zungur, lokacin yana koyarwa a makarantar haɗa magunguna, ya tara matasa 'yan boko suna muhawara kan yadda ake mulkinsu. A 1945 ma'aikata suka shiga yajin aikin gama-gari na fiye da kwana arba'in saboda tsadar rayuwa, kuma 'yan reluwe, waɗanda su ne ƙashin bayan Sabon Gari, suna kan gaba. A 1948 Dokta R.A.B. Dikko ya kira taro a Zariya, ɗaya daga cikin tarukan da suka haifi Jam'iyyar Mutanen Arewa.

Can waje kuma daular tana zubewa. Indiya da Pakistan suka sami 'yanci a 1947, Bama da Silon suka bi a 1948. Joji ya zama na ƙarshe da ya riƙe laƙabin Sarkin Sarakunan Indiya, kuma daga 1949 aka goge laƙabin daga jikin kuɗin da ake kashewa a Afirka ta Yamma. A Nuwamban wannan shekarar 'yan sanda suka harbe ma'aikatan haƙar kwal 21 a Inugu. Magana ta tashi daga ko Turawa za su tafi, ta koma kan yadda za a raba iko bayansu. A taron Ibadan na 1950, Sarkin Zazzau Ja'afaru ne ya fito fili ya ce in ba a ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya ba, za ta nemi a raba ƙasar kamar yadda take kafin 1914. Aka ba ta rabin.

Lafiyar Joji ta riga ta gaza. Mutum ne mai yawan shan taba, kuma a Satumbar 1951 aka cire masa huhu ɗaya saboda ciwon daji. Ya rasu cikin barci ranar 6 ga Fabrairu 1952 yana da shekara 56, 'yarsa Elizabet tana ziyara a Kenya. Ita ce ta zo Nijeriya a 1956, sarakunan Arewa suka yi mata hawan daba a Kaduna, kuma bayan shekara huɗu aka sauke tutar Ingila a Ikko.